Gayaunar yaro: yadda ake sakar wa ɗa da ma'aikaci mara ba tare da an yasar da su ba

Ka shiga wani shagon a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ka taya kaya. Wanda ke tsaye a ciki ya shekara bakwai a wurin. Ya san kowane kaya da inda aka saro shi, ya san nawa aka saye shi, ya san kwastomomi da sunayensu. Amma da ka nemi ragin naira 500 sai ka ga ya laluba aljihu ya ɗauko waya: "Bari in ji ta bakin Alhaji." In Alhaji yana masallaci ko wayarsa ba ta shiga, ciniki ya mutu, mai saye ya leƙa shagon gaba. A gida ma labarin bai canza ba. Saurayi ya gama sakandare, uba ne ya zaɓa masa kwas ɗin da zai cike a JAMB, uwa ce ke haɗa masa jaka duk sanda zai koma makaranta, bai taɓa ɗora ko ruwan shayi ba, kuma ranar da takardar bautar ƙasa ta fito aka tura shi wata jiha mai nisa, gidan gaba ɗaya ya tashi neman wanda zai dawo da shi kusa.

Waɗannan biyun ciwo ɗaya ke cin su, kuma ba su suka jawo wa kansu ba. Wanda ke sama da su ne ya tattara kowace shawara ya riƙe a hannunsa, uba don ƙauna, maigida don tsoron asara, wani lokacin kuma don jin daɗin cewa ba abin da ke motsi sai da shi. Magabata sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Mutane da yawa sun ɗauki wannan magana a matsayin izinin tsanani da bulala. Abin da take nufi ya fi haka faɗi: wanda ka hana shi ɗanɗanar wahalar da ta yi daidai da ƙarfinsa a gabanka, zai gamu da wadda ta fi ƙarfinsa a bayanka, lokacin da ba mai tallafa masa.

Gandu da gayauna

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da warware wannan matsala, kuma hanyar da ya bi ta fi yawancin abin da ake koyarwa a tarukan horar da shugabanni inganci. A tsarin gandu, maigida da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya. Maigida ne ke da alhakin iri da kayan aiki da ciyar da gida daga rumbu, shi ne ke biyan haraji a zamanin da ake biyansa, kuma bisa al'ada shi ke yi wa ɗa auren fari. 'Ya'yan kuma suna aikin gonar gandu daga safiya zuwa wajen azahar a ranakun da aka saba. Sai dai a gefe ana yanka wa kowane ɗa wani ɗan fili, shi ne gayauna, wadda a yankin Maraɗi na Nijar ake kira gamana. A nan ba ruwan maigida. Yaro ne zai zaɓi gyaɗa zai shuka ko wake ko barkono, shi zai san yaushe zai yi noman fari da maimai, da yamma ko a ranar da ba a fita gandu. In ta yi kyau amfanin nasa ne, ya sayar ya sayi akuya ko keke ko kayan salla. In ya yi lalaci ciyawa ta cinye, ko ya yi shuka a makare, asarar tasa ce, kowa a gidan ya gani.

Abin lura a nan guda uku ne, kuma su ne ƙashin bayan duk maganar. Filin ƙarami ne, asararsa ba za ta rusa gida ba. Shawara da riba da asara duk suna kan mutum ɗaya, ba wanda zai fake da wani. Sannan rumbun gandu yana nan, ko gayauna ta ƙi, yaro zai ci tuwon dare. In aka cire na farko an yi ganganci. In aka cire na biyu an yi wasan yara, domin gonar da uba ke zagayowa da dare ya nome maka ba taka ba ce. In aka cire na uku an yi zalunci. Fulani makiyaya suna da irin wannan dabara, inda ake ware wa yaro maraƙa tun yana ƙarami ya taso yana kallon dukiyarsa tana haihuwa ko tana ramewa gwargwadon kulawarsa.

Alƙur'ani ma ya shimfiɗa wannan tsari a kan dukiyar marayu. A Suratun Nisa'i, aya ta 5 ta hana a danƙa wa wanda bai da hankalin riƙo dukiya, aya ta 6 kuma ta yi umarni da a riƙa jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Malaman tafsiri sun bayyana jarrabawar da cewa a ba yaro wani abu kaɗan ya juya, a ga yadda zai yi da shi. Wato ba a danƙa duka rana ɗaya, ba a kuma riƙe har abada. Ana gwadawa da kaɗan, ana miƙawa bisa abin da aka gani.

Me ya sa yawan gata ke nakasa mutum?

Iya aiki yana samuwa ne ta zagaye guda: mutum ya yanke shawara, ya ga abin da ta haifar, ya gyara, ya sake. Duk inda aka tsinke zagayen, koyo ya tsaya. Uwar da ke bin ɗanta makaranta da littafin da ya manta ta tsinke shi a wajen sakamako, domin yaron bai taɓa tsayawa gaban malami ba littafi ba, to me zai sa ya duba jakarsa da dare? Maigidan da ke karɓe ciniki daga bakin yaronsa da zarar mai saye ya ɗaga murya ya tsinke shi a wajen shawara. Shekara goma yaron zai yi yana kallo, amma kallo ba ya zama iyawa, kamar yadda zama a gefen direba ba ya koya wa mutum tuƙi.

Akwai kuma saƙon da ke shiga zuciya ba tare da an furta ba. Duk sanda ka karɓe aiki daga hannun mutum ka ce "kawo, ba za ka iya ba", yana ajiye maganar. In ta taru sai ya yarda, ya daina gwadawa, kai kuma ka samu hujjar cewa ai dama ba shi da himma. Masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya, suka tsaya a kan buƙatu uku: ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji ya iya, ya ji yana da mutanen da suka damu da shi. Gata mai yawa yana cika ta uku ya kashe biyun farko. Tsoro ma haka yake girma. Yaron da ke jin tsoron yi wa baƙo magana, in kullum ana amsawa a madadinsa, tsoron ƙaruwa yake, don bai taɓa samun damar ganin cewa ya yi magana kuma ba abin da ya same shi ba.

Kafin a saki hannu, a auna kuskuren

Tambayar da ta kamata uba ko maigida ya yi wa kansa ita ce: in ya yi kuskure a nan, nawa ne kuɗin kuskuren, kuma yana gyaruwa? Teloli sun fi kowa fahimtar wannan. Sabon yaro a shagon ɗinki guga yake fara yi da sa maɓalli da share zare. Daga nan ya hau keke ya riƙa bin layi a kan ƙyallen da aka zubar har ƙafarsa da hannunsa su daidaita. Sai kalmasa, sai haɗa wando, sai aljihu da wuyan riga. Yanka ne na ƙarshe, kuma teloli da yawa kan sa yaro ya fara gwada almakashi a kan takardar buhun siminti kafin ya taɓa yadin mutane. Dalili a fili yake: ɗinkin da ya karkace ana farke shi a sake, shaddar da aka yanka ba daidai ba kuwa ta tafi ke nan. A gareji ma haka tsarin yake, daga miƙa sifana da wanke kayan inji, zuwa juye baƙin mai da canza filogi, kafin a kai ga birki, wanda kuskurensa rai yake ci, don haka ko yaro ya iya, sai maigida ya taka ya ji kafin mota ta fita.

Kuskure iri uku ne ke nan. Akwai mai arha mai gyaruwa, kamar miyar da gishiri ya yi wa yawa ko canjin da aka ƙirga ba daidai ba. Wannan a bar mutum ya yi shi, shi ne kuɗin makaranta. Akwai mai tsada amma mai gyaruwa, kamar bashin da aka ba wanda ba ya biya da wuri. Wannan a sa masa iyaka da lamba. Akwai wanda ba ya gyaruwa, rai ko lafiya ko mutunci ko jarin shago gaba ɗaya. Wannan yana hannun babba har sai an ga shiriya. Kuskuren masu yawan gata shi ne suna ɗaukar kowane abu kamar na uku ne. Masu sakaci kuma komai a wurinsu na farko ne.

Miƙa aikin kansa hawa-hawa ne. Da farko in yi kana gani, ina faɗa maka dalilin kowane abu, domin wanda ya haddace mataki bai san dalili ba zai tsaya cak ranar da abu ya zo a sabuwar siffa. Sai mu yi tare. Sai ka yi ina tsaye, bakina a rufe sai in ka doshi kuskuren da ba ya gyaruwa. Wannan hawa na uku shi ne mafi wuya, kuma a nan yawancin iyaye da masu gida ke faɗuwa, domin tsayawa kana kallon mutum yana ɓata minti ashirin a kan abin da za ka gama a minti uku yana buƙatar haƙuri na gaske. Sai ka yi ba na nan ka ba ni labari. Daga ƙarshe aikin ya zama naka, ni sai dai in duba lokaci-lokaci. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa koyo ya fi ƙarfi a kan abin da yaro ba zai iya shi kaɗai ba amma zai iya da ɗan tallafi. Aikin da ya yi masa sauƙi ba ya ƙara masa komai, wanda ya fi ƙarfinsa nesa kuma karya masa gwiwa yake.

A cikin gida

Shekarun da za a ambata kimantawa ce, yara sun bambanta. Ɗan shekara uku zuwa biyar zai iya cin abinci da hannunsa ko da zai ɓata riga, ya sa takalminsa, ya kai kwanonsa wajen wanke-wanke. Daga shida zuwa bakwai ya yi wanka da kansa a duba bayan kunne da ƙafa, ya yi alwala, ya shirya jakar makaranta tun dare, ya je shagon unguwa da kuɗin da ke buƙatar canji ya dawo ya yi lissafi. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a tsawata musu a kanta suna da goma. Tsakanin umarni da tsawatarwa shekara uku ne cur na koyo da tuntuɓe, kuma wannan tazara darasi ce ga mai son yaro ya ƙware a mako guda.

Daga takwas zuwa goma sai wanke yunifom da shara da tsince shinkafa da kai markaɗe, da riƙe wuƙa a gaban babba. Daga sha ɗaya zuwa sha uku a ba shi cefanen yini da kuɗi ƙididdigagge, ya ɗora sanwa, ya koyi kunna risho ko gas da kashe shi, da abin da ake yi in an ji warin gas: a rufe kan tukunyar, a buɗe taga, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Suya da mai mai zafi ita ce ta ƙarshe a kicin, kamar yanka a wajen tela. Kuma wannan duka har da 'ya'ya maza. Namijin da bai iya dafa abin da zai ci ba, ranar da ya tafi jami'a ko bautar ƙasa ko matarsa ta kwanta jinya, shi ne zai zama nauyi a kan kowa. 'Ya'ya mata kuma su koyi ƙirga kuɗi da ciniki da magana a gaban likita da ma'aikacin banki, kada a tsaya a girki kawai.

Kuɗi shi ne gayaunar yaron birni. Maimakon a riƙa ba shi kuɗin tara naira 200 kowace safiya, a ba shi 1,000 ranar Litinin a ce na mako ne. Makon farko da wuya ya kai Laraba. A nan ake gane ko iyaye da gaske suke: in aka ƙara masa ranar Alhamis, darasin da ya koya shi ne kuka yana kawo kuɗi. In aka bar shi da abincin da ya tafi da shi daga gida, ba yunwa ba ƙari, mako na biyu zai fara lissafi. In ya riƙe na mako har wata biyu ko uku, a mayar da shi na wata, a haɗa masa da kuɗin sabulu da aski. Asusu ko 'yar kaza ko akuyar da ke tasa ita ma makaranta ce. Sharaɗi ɗaya ne: kada uba ya ci bashin asusun yaro ya ƙi biya, domin ranar ce yaron zai koyi cewa tari ba shi da amfani.

Aikin gida da malami ya bayar na yaro ne. A zauna kusa, a tambaye shi me aka ce ya yi, a yi masa misali da wata tambayar daban, amma kada a riƙe masa biro. Uban da ya fara da rubuta wa ɗansa aikin firamare, sau da yawa shi ne ke ƙarewa da neman cibiyar da za a ba shi amsa a WAEC ko NECO, daga nan kuma bin malaman jami'a da roƙo.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne, kuma duk wanda ya yi maganar sakin yara a Arewa ba tare da ya tsaya a kansa ba bai yi adalci ba. An sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a Fabrairun 2021, Kuriga a Maris ɗin 2024, ga ƙwacen waya da faɗan daba a cikin birane. Uwar da gabanta ke faɗuwa in ɗanta ya wuce lokaci tana da hujja. Abin da halin tsaro ke canzawa shi ne wurin da za a ba yaro 'yanci da lokacin, ba ya soke buƙatar ba shi. Kafin aiken farko yaro ya haddace cikakken sunan iyayensa da lambar waya ɗaya da sunan unguwa da wata alama sananniya kusa da gida. Ya san ba ya bin kowa, ko wanda ya sani ne, sai da izini daga gida. A tura shi da rana, tare da ɗan'uwa, a faɗa masa lokacin dawowa, karon farko ma a bi shi daga nesa ba tare da ya sani ba. Tsallaka babban titi shi kaɗai a jinkirta shi zuwa wajen shekara goma, saboda ƙaramin yaro bai cika iya auna gudun mota ba. Inda fita ba ta yiwuwa sam, cikin gida ma akwai filin gayauna: girki, lissafin kuɗin wuta, kula da ƙanne na awa ɗaya, gyaran famfo tare da uba.

Dole kuma a raba wannan magana da yasarwa. Ɗan shekara shida da aka kai wani gari karatu ba guzuri ba mai ciyar da shi, ko yarinyar da ke yawon talla a tasha har bayan isha'i, ba 'yanci aka ba su ba. An tura su gona ne aka rufe rumbu. Dogaro da kai yana tsirowa ne a jikin yaron da ya tabbata yana da wurin komawa.

A shago da ofis

Babban kuskuren masu gida shi ne ba da aiki ba tare da iko ba. A ce wa yaro "kula da shago", amma ba a faɗa masa nawa zai iya ragewa ba, wa zai iya ba bashi, me zai yi in an dawo da kaya. In ya yanke a yi masa faɗa, in bai yanke ba a ce ba shi da kai. Mutum mai hankali a irin wannan hali waya zai riƙa bugawa, don ita ce kaɗai hanyar da ba za a zarge shi ba. A ofisoshi ma wannan ne ke sa fayil ya kwana wata guda a kan tebur ana cewa sai oga ya dawo.

Dubi yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman. Ya faɗa masa irin mutanen da zai tarar, ya jera masa aikin: ya fara da kira zuwa shahada, in sun karɓa sai salloli biyar, in sun karɓa sai zakka da ake amsa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Ya ja masa kunne a kan abu biyu, kada ya ɗebi mafi kyawun dukiyar mutane, kuma ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Manufa, tsari, iyaka, sannan tafiya mai nisa wadda ba wayar da za a bi shi da ita.

A aikace, maigida ya zauna da yaronsa su raba shawarwarin shago gida uku a rubuce. Na farko, yi kawai: ragi har zuwa farashin ƙarshe da aka rubuta wa kowane kaya, sayen leda da man janareta. Na biyu, yi ka sanar da ni da yamma: bashin da bai wuce, misali, naira 20,000 ba ga mutanen da sunansu ke cikin jerin da aka amince da shi, na kwana bakwai, ko canza kayan da aka dawo da su ba lahani. Na uku, kada ka yi sai ka ji daga gare ni: bashi ga sabon mutum, saro sabon kaya, taɓa jari. Duk wata uku a sake zama, abin da yaro ya nuna ƙwarewa a kai a ɗaga shi daga gida na uku zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na farko. In ya zo da matsala kuma, kafin ka ba shi amsa ka tambaye shi: kai me ka gani? In kullum kai ke warwarewa, ka koya masa kawo maka kaya ya sauke ya tafi.

Sakin hannu ba ya nufin rufe ido. Littafin ciniki kullum, ƙidayar kaya duk mako ko duk wata gwargwadon girman shago, kuɗin da aka turo ya shiga asusun shago ba na yaro ba, kaya ba sa fita sai an ga kuɗi a cikin asusu, domin alat na bogi ya ci mutane da yawa. Wannan tsari kariya ce ga yaron kirki kansa, shi ne ke wanke shi ranar da kuɗi ya ɓace. Maigidan da ba shi da littafi dole ya koma zargi da tsare ƙofa, saboda ba shi da wata hanyar sanin gaskiya.

Yadda ake karɓar kuskure shi ke yanke ko tsarin zai rayu. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar da abin da ba ta zata ba: sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne aka fi samun rahoton kurakurai a cikinsu. Bayanin da ta kai gare shi shi ne, a can ma'aikata ba sa tsoron faɗa, a sauran wuraren kuwa ɓoyewa ake. A masana'antar motoci ta Toyota, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya kira shugabansa, har layin haɗa mota ya tsaya in matsalar ba ta warwaru ba. Anas ɗan Malik kuma ya ce ya yi wa Annabi hidima shekara goma, bai taɓa ce masa tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Yaron da aka zaga a gaban kwastoma saboda ya faɗi gaskiyar asarar naira 5,000, ranar da ta 500,000 ta faru ba za ka ji ba sai ta ruɓe. Gyara a keɓe ake yi, da tambaya uku: me ya faru, me ka gani a lokacin da ka yanke, me za ka yi in ta sake zuwa? Sannan a bambance kuskure da sakaci da ha'inci. Kuskuren farko na mai gaskiya shago ne ke ɗauka. Sakacin da aka maimaita bayan gargaɗi mai shi ya ɗauki wani kaso. Ha'inci kuwa yana mayar da mutum hawa na farko ko ya fitar da shi.

Akwai wani gyambo a kasuwanninmu da ba a son taɓawa, shi ne rashin ranar sallama. A tsarin koyon kasuwanci na Ibo, wanda ya cika kasuwannin Onitsha da Nnewi da Alaba ta Legas, ana yanke shekarun hidima tun farko a gaban dangi, galibi biyar zuwa bakwai, a ƙarshe maigida ya sallami yaro da jari ko kaya. Tsarin yana da nasa rigingimun, amma yaro ya san inda ya dosa. A wurinmu sau da yawa magana ce a buɗe, "Alhaji zai duba ni". Alhaji zai yi masa aure, ya yi masa kayan salla, wataƙila ya biya masa Makka, amma mutum ya kai shekara talatin da biyar da mata da 'ya'ya ba shi da ƙwandalar da zai kira jarinsa. Daga nan ne wasu ke fara ɗora tasu ribar a ɓoye a kan farashi. Maganin shi ne a yanka masa gayauna a cikin shagon: kanta ɗaya da zai zuba kayansa, ko la'ada sananniya a kan abin da ya sayar, ko ƙirali, wanda wasu ke kira mudaraba, inda jari na maigida ne, aiki na yaro, riba a raba bisa kason da aka yanke tun farko kamar rabi ko sulusi, asara kuma ta hau kan jari matuƙar ba sakaci ko ƙetare sharaɗi. A sa shekarar sallama a gaban shaidu.

'Ya'yan maigida su ma ta wannan tsani za su hau. Shaguna da yawa da suka yi suna a zamanin mai su sun watse cikin 'yan shekaru bayan rasuwarsa, saboda magada sun karɓi makulli ba su taɓa sanin wa ake bi bashi ba, wa ke bin su, daga ina ake saro kaya. Ɗan da za a bar wa shago ya fara da ɗaukar kaya da rubuta littafi a ƙarƙashin babban yaron shago, a yi masa hisabi kamar kowa.

Hanyar gwada ko aikin ya kama ita ce rashin maigida. A fara da rabin yini, waya a kashe. Sai kwana uku, waya sau ɗaya bayan isha'i. Sai tafiya mai tsawo irin ta Umara. In an dawo a duba abu uku: littafi da kaya da kuɗi sun yi daidai da juna? Me kwastomomi na kusa suke cewa? Waɗanne abubuwa ne aka ajiye ana jiran dawowarka? Wannan jeri na ƙarshe a rubuta shi, a ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya a zaman wata uku mai zuwa, a ga wanne ne da gaske yake buƙatar hannun maigida, wanne ne kuma ya kamata tun bara ya koma gida na biyu.